Zafin Inji A Tsohuwar Bosuwaja: Yadda Ake Gano Cutar Tun Ba Ta Yi Kisa Ba

Motar da ke aiki da ruwa, idan ta ɗauki zafi, ba ta ɓoye wa mai ita. Allurar da ke gaban direba za ta haura zuwa ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, ko yaro ya gani ya san akwai magana. To, ƙaramar motar nan ta Jamus ƙirar Volkswagen Beetle, wadda Hausawa suka fi sani da Bosuwaja, Yarabawa kuma suke kira Ijapa, watau kunkuru, ita ba haka halinta yake ba. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa ko cokali guda, masu ƙera ta kuma ba su sa mata allurar awon zafi ba. Tana iya tasowa daga Ibadan tana ƙuna ta ciki, direba yana ta hira da mutanen da ya ɗauko, ba zai farga ba sai ya ji wata ƙara kamar an watsa tsakuwa cikin tukunya, inji ya tsaya cik a tsakiyar daji.

Wannan shi ne ajalin yawancin Bosuwajojin da suka taɓa cika titunan ƙasar nan. Abin takaici kuwa shi ne, a mafi yawan lokaci abin da ya jawo asarar bai taka kara ya karya ba: wata 'yar roba ce da ta tsage, ko wani guntun kwano da makaniki ya kwance ya jefar domin yana ganin ba shi da amfani. Saboda haka duk wanda Allah ya sa har yanzu yana riƙe da irin wannan mota, ko ya gaje ta daga mahaifinsa, ko ya saye ta domin sha'awa, ya kamata ya san yadda take sanyaya kanta, da alamun da take nunawa idan ta galabaita, da kuma inda ake fara dubawa kafin a kai ga kwance inji.

Yadda Ta Shigo Hannun Jama'a

Injiniyan nan Ferdinand Porsche ne ya tsara wannan mota a cikin shekarun 1930, aka kuma kafa mata masana'anta a 1938 a wurin da ya zama birnin Wolfsburg. Ba ta bazu cikin duniya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairu na 1972 yawan waɗanda aka ƙera ya zarce miliyan 15, ta kere tsohuwar motar Ford ta Amurka da ake kira Model T, kuma sa'ad da aka fitar da ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, an riga an ƙera fiye da miliyan 21 da rabi.

A Nijeriya kuwa, a 1975 ne aka fara haɗa ta a masana'antar da ke Ojo, a kan hanyar Badagiri a Jihar Ikko, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Lokacin ya zo daidai da ƙarin albashin nan na Udoji, don haka malaman makaranta da akawuna da ƙananan hafsoshi da yawa ita ce motarsu ta fari. A wannan masana'anta aka haɗa 'yar'uwarta da aka raɗa wa suna Igala, da kuma bas ɗin Kombi da ta zama danfo a Ikko, dukkansu da irin wannan inji mai shan iska. Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, motocin kwance na ƙasashen waje suka cika kasuwa, sai Bosuwaja ta fara ɓacewa. Waɗanda suka rage a yau shekarunsu sun kai arba'in zuwa hamsin, tsofaffin makanikan da suka san ta kuma suna ta ƙarewa. Ke nan inji guda da ya ƙone a yau ba lalle ne a sami madadinsa cikin sauƙi ba.

Iska Da Mai Su Ne Ruwanta

Injin Bosuwaja a baya yake, silinda huɗu gare shi a kwance, biyu dama biyu hagu. A jikin kowace silinda da kanta, wanda makanikai ke kira tof, an jera siraran haƙarƙari na ƙarfe kamar haƙoran mataji, domin zafi ya sami wurin fita. A saman injin akwai wani babban gida na kwano mai kama da rabin tire a tsaye. Cikinsa fanka take, tana manne a ƙarshen sandar dinamo. Fambel ɗin da ake gani da zarar an ɗaga murfin baya shi ke juya dinamo, dinamo kuma ita ke juya fanka, da saurin da ya kusa ninka na injin. Idan mota tana gudu sosai, fankar nan tana tura iska fiye da lita 500 a kowace daƙiƙa.

Iskar tana shiga ta tsage-tsagen da ke ƙarƙashin gilashin baya, a wasu ƙirar har da na jikin murfin inji. Fanka ta zuƙe ta, kwanukan da aka lulluɓe injin da su su tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin nan, ta kwashi zafi ta fice ta ƙarƙashin mota. A cikin gidan fankar har ila yau akwai wani ɗan ƙaramin lagireto na baƙin mai, wanda iska ke bi ta jikinsa ta sanyaya man kafin ya koma cikin inji. Man da injin ke ɗauka gaba ɗaya lita biyu da rabi ne kacal, kuma shi ke kwaso zafin can ciki inda iska ba ta kaiwa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, ɗakin injin kashi biyu ne: sama wurin iska mai sanyi, ƙasa wurin iska mai zafi da salansa. Kwanukan nan da wata doguwar roba da ta zagaye injin su ne katangar da ta raba su. Duk inda katangar ta ɓule, fanka za ta riƙa zuƙo iskar da ta riga ta yi zafi tana sake hura ta a kan injin, kamar mutumin da ke yi wa kansa fifita a bakin murhu.

Alamun Da Take Nunawa

Ko da yake babu allura, motar tana magana, sai dai ga wanda ya iya saurare. Alama ta fari ita ce raguwar ƙarfi: mota ta taso da kuzarinta da safe, amma bayan tafiyar awa guda sai ta fara nauyi, a taka totur ta ƙi amsawa. Ta biyu ita ce wata ƙara siririya kamar ana kaɗa ƙusoshi cikin gwangwani, musamman a hawa ko sa'ad da za a wuce wata mota. Wannan ƙara tana nufin fetur yana fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, kuma idan aka daɗe a haka tana iya huda fistin.

Akwai kuma 'yan fitilu biyu a cikin agogon gudu. A yawancin tsofaffin ƙira, koriya ta mai ce, ja kuma ta dinamo. Idan fitilar mai ta fara ƙyaftawa sa'ad da aka tsaya inji yana silo bayan doguwar tafiya, to man ya yi zafi har ya tsinke kamar ruwa, ko kuwa injin ya ci ƙwarai. Jar fitilar kuwa ta fi kowace haɗari. A wata motar, idan ta kama ana iya lallaɓawa a isa gari, tun da batir ne kurum ba ya caji. A Bosuwaja tana iya nufin fambel ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma cikin 'yan mintoci kaɗan injin zai gasu. Littafin motar da kansa ya umarci direba ya tsaya nan take ya duba.

Sauran alamun su ne warin mai da ke ƙuna, da injin da ke ci gaba da kakari bayan an kashe makulli, da motar da ke ƙin tashi idan an tsaya shan mai sai ta huce, domin zafi ya mai da fetur ɗin da ke cikin famfo da bututu tururi. Tsofaffin direbobi suna da wani gwaji nasu: bayan tafiya mai nisa a zaro sandar awon mai a riƙe kanta da yatsu. In ana iya riƙewa na ɗan lokaci, ko da da ɗan zafi, to lafiya. In kuwa ba ta taɓuwa sam, injin ya wuce kima. A yau akwai ɗan ma'aunin zafi na hannu da ake nuna wa abu daga nesa ya faɗi zafinsa, ba shi da tsada. Baƙin mai yana aikinsa daidai tsakanin digiri 80 zuwa kamar 105 a ma'aunin santigireti. Idan ya doshi 120 sai a nemi dalili.

A Fara Da Abin Da Ido Ke Gani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji mota tana zafi a ce a sauke inji a sake ringi. Hanyar da ta dace ita ce a fara daga mai arha zuwa mai tsada, kuma mafi arha duka shi ne duba da ido, inji yana kashe ya huce.

Fambel ne farko. A danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kimanin milimita 15. Idan ya yi sako-sako zai riƙa zamewa sa'ad da inji ke gudu, fanka ta kasa kai saurinta, alhali jar fitila ba za ta kama ba tun da dinamo tana ɗan juyawa. Idan kuma ya yi tauri ainun zai cinye boris ɗin dinamo. Ba a matsa dinamo gefe domin a ɗaure shi kamar yadda ake yi a sauran motoci. Faifan da yake hawa a jikin dinamo ɓari biyu ne, da wasu siraran zobba a tsakaninsu. A cire zobe guda bel ya ƙara tauri, a ƙara guda ya sassauta. Zobban da aka cire a bayan faifan ake jera su ƙarƙashin noti, ba zubarwa ake yi ba.

Na biyu, bakin fanka. Yana can bayan gidan fanka, ta wajen kujerar baya, inda ido ba ya gani. A cire makulli a sa aljihu, sa'an nan a zura hannu a laluba. Abin da ake tsinta a wurin yana da ban mamaki: tsumman da aka manta bayan gyara, leda, ganye, takarda, ko ɓawon kwalin hana ƙara da ya ɓalle daga bangon ɗakin inji ya rufe bakin. Leda guda ta isa ta rage iskar ƙwarai, kuma a garuruwanmu na yau ba abin da ya fi leda yawo a kan titi.

Na uku, robar da ta zagaye injin. Rana da tsufa suna busar da ita ta farfashe, wasu kuma idan sun sauke inji ba sa damuwa su mai da ita. Gwajin ba wuya: a ɗaga murfi a leƙa. In ana hango ƙasa ta kowane gefe na injin, to iska mai zafi tana da ƙofar shiga. Haka nan a ƙidaya kwanukan. Akwai wanda ke bayan faifan ƙasa a saman salansa, akwai masu rufe silinda ta sama, akwai kuma wasu 'yan ƙanana da ake maƙalawa a ƙarƙashin silinda tsakanin kowane biyu, waɗanda ke juya iska ta zagaya ta ƙasa. Waɗannan ƙananan su aka fi mantawa, kuma ba a iya mai da su yadda ya kamata sai an sake kwance wani sashe na injin. Akwai wata al'ada da ta daɗe a garejojinmu, ta cewa ƙasarmu da zafi, gara a cire kwanukan inji ya sha iska. Wannan al'ada ta kashe injuna masu yawa, domin iskar da ba a tsare mata hanya ba ba ta shiga tsakanin haƙarƙari, gefe take bi ta wuce.

Na huɗu, ƙananan ramuka. Kowace wayar fulogi tana da 'yar roba mai faɗi da ke toshe ramin da ta shiga. Gidan fanka kuma yana da bakuna biyu, dama da hagu, inda ake sa tiyo mai kai iska zuwa na'urar ɗumama cikin mota, abin da aka yi domin sanyin Turai. A nan ƙasar akan cire tiyon a bar bakunan a buɗe, iskar da ya kamata ta je kan silinda ta riƙa tsiyaya a banza. In ba a bukatar ɗumi, sai a toshe bakunan sosai, a kuma toshe ramukan da tiyon ke bi ta cikin kwanon ƙasa.

Ƙura Da Mai

Ƙurar hunturu ita kaɗai ba ta cika yin ɓarna ba, iska tana busa ta ta wuce. Amma idan ta tarar da mai yana yoyo, sai su haɗu su zama laka mai kauri da ke cike tsakanin haƙarƙari, ta zama wa injin bargo. Wurin da ya fi yoyo a ɓoye shi ne gindin lagireton mai, inda wasu 'yan robobi biyu ke taurarewa saboda zafi. Alamarsa ita ce a ga gefen hagu na injin ya jiƙe da mai ta ƙasa, na dama kuwa a bushe. Gyaransa sai an ɗaga gidan fanka, kuma duk wanda ya kai nan ya kamata ya wanke haƙarƙarin da jikin lagireton tas kafin ya rufe.

A injunan da suka zo da shi, akwai wani tamostat mai kama da ɗan zugazugi a ƙarƙashin silinda na dama, wanda ke buɗe wasu ƙofofi a cikin gidan fanka idan zafi ya kai digiri 65 zuwa 70. Tsatsa tana iya kama ƙofofin nan su maƙale a rabin hanya. A tabbata suna motsi, suna kuma buɗewa gaba ɗaya idan inji ya ɗumama.

Game da man kansa, tsohon injin Bosuwaja ba shi da filta irin ta motocin zamani, sai wata 'yar rariya a ƙarƙashi da aka ɗaure da noti shida. Don haka ƙa'idar masu ita ita ce a juye mai a wanke rariyar kowace kilomita 5,000, a wuri mai ƙura ma kafin haka. Da yake lita biyu da rabi ne duka, rashin rabin lita yana nufin kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke sanyaya cikin injin ya tafi. Duba sandar mai duk sa'ad da aka tsaya shan fetur a doguwar tafiya ba ɓata lokaci ba ne.

Zafin Da Injin Ke Haifarwa Da Kansa

Idan an duba duk waɗannan an tarar iska tana isa yadda ya kamata amma zafin bai sauka ba, to injin ne ke haifar da zafin da ya fi ƙarfin fankarsa. Abubuwa uku ake tuhuma a nan.

Na fari tazarar bawul. Bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi a cikin wuta yake rayuwa, kuma ba ya samun sauƙi sai a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa ya miƙa wa tof zafinsa. Idan tazarar ta matse, ba ya zama sosai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. Ƙa'idar ita ce milimita 0.15, kuma a auna inji yana da sanyi sarai, watau ya kwana bai tashi ba. Wanda ya auna da zafi ya yi aikin banza. Akwai kuma wani asiri a wannan awo: idan aka lura bawul guda yana ta matsewa duk lokacin da aka duba, alhali sauran suna nan yadda aka bar su, to wuyansa yana miƙewa ne, kuma kansa yana gab da ɓallewa ya faɗa kan fistin. Wanda ya rubuta awonsa a ɗan littafi zai ga wannan haɗari tun da sauran lokaci, ya sake bawul guda maimakon inji ɗungum.

Na biyu taimin, watau lokacin da fulogi ke ba da wuta. Idan wutar ta yi gaggawa sai a ji ƙarar ƙusoshin nan, tof ya yi zafi. Idan ta yi jinkiri sai fetur ya ƙarasa ƙonewa a bakin bawul da salansa. Yawancin makanikai da kunne suke gyarawa, su juya distiributa har inji ya yi daɗin ji a silo, abin da sau da yawa ke sa wutar ta wuce gaba fiye da kima. Adadin da ya dace ya danganta da irin distiributar da ke kan injin, a da yawa digiri 7 da rabi ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma masana sun haɗu a kan cewa idan inji yana gudu sosai kada jimlar ta wuce digiri 30 zuwa 32. A fara daidaita tazarar kwantak zuwa milimita 0.4, domin duk canjin da aka yi mata yana canza taimin.

Na uku ƙarancin fetur a cikin cakuɗar da injin ke sha. Fetur da kansa yana ɗan sanyaya cikin silinda, saboda haka injin da iska ta yi wa yawa fetur ya yi kaɗan yana ƙuna da zafi. Wannan yakan faru idan jet ɗin kafireta ya toshe, ko wani ya sa ƙarami wai don a rage shan mai, ko kuma iska tana satar hanya ta robobin bututun da ya taso daga kafireta zuwa tof, ko ta sandar totur da ta ci. Fulogi shi ne shaida. A kwance huɗun bayan tafiya mai nisa a jera su bisa tsarinsu. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ne. Fari fat, ko mai ƙuraje, alamar zafi ne. In huɗun duka sun yi fari a tuhumi kafireta ko taimin. In na gefe guda ne kurum, a nemi inda iska ke shiga ko inda kwano ya ɓace a wannan gefen.

Silinda Ta Uku

Duk wanda ya daɗe da Bosuwaja ya san silinda ta uku, watau ta gaba a gefen hagu, ita ce marainiyar injin. Dalili kuwa shi ne, a tsohon tsari lagireton mai a tsaye yake cikin gidan fanka daidai kan hanyar iskar da ke zuwa gare ta, don haka iskar da ke isa wurinta ta ragu, ta kuma riga ta ɗumama. Masu ƙera motar sun san da haka, har suka yi wa distiributar wancan zamani dabara ta yadda wutar silinda ta uku ke ɗan jinkirtawa da 'yan digirori kaɗan. Wannan ya sa dole a gyara taimin a kan silinda ta ɗaya, ta gaba a gefen dama. Wanda ya yi kuskure ya gyara a kan ta uku ya tura sauran ukun gaba fiye da ƙa'ida ba tare da ya sani ba.

Daga 1971 aka fitar da lagireton man zuwa wani ɗan ɗaki nasa a bayan gidan fanka a manyan injunan, aka kuma faɗaɗa fankar. Amma injuna da yawa da ke yawo har yau tsohon tsarin gare su, wasu kuma haɗe-haɗe ne, gida na wannan zamani da fanka ta wancan, wanda ba ya ba da iskar da ake bukata. Idan zafi ya daɗe yana dukan inji, dogayen ƙusoshin da ke ɗaure tof sukan zare daga jikin injin, wanda aka yi da ƙarfen maganiziyom mai taushi. A nan sai a ji wata ƙara "fat-fat" daga gefe idan an taka totur. Da wannan, da kuma awon matsin silinda da ya nuna ɗaya ta yi ƙasa da sauran ƙwarai, su ne hujjar sauke inji. Kafin a same su, sauke shi gaggawa ce.

Hannun Direba

Tun da fanka da inji tare suke gudu, mafi munin abin da direba zai yi shi ne ya bar mota a giya ta huɗu tana hawa tudu a hankali, ƙafarsa a ƙasa. A nan injin yana haifar da zafi mafi yawa, fanka kuma tana juyi mafi ƙaranci. Wanda zai hau Hawan Kibo a hanyar Jos da iyali da kaya, ya sauko giya ta uku ko ta biyu tun da wuri ya bar injin ya yi kuka. Kukan ba ya cutar da shi. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, rage gudu kaɗan da sammako suna ƙara wa inji kwana. A kuma lura kada kayan da aka ɗaure a rufin mota ko tamfol su sauko su rufe tsage-tsagen shan iska.

Idan alamun zafi suka bayyana a kan hanya, a sauka gefe a ɗaga murfi. In fambel ya tsinke a kashe nan take. In yana nan lafiya, a bar injin ya yi silo na minti ɗaya ko biyu domin fanka ta kwashe zafin, sa'an nan a kashe. Kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin tof na alminiyom ne, yana iya tsagewa. A kuma duba tiyon fetur, tun da zafi yana busar da shi, kuma fetur da ya ɗiga a ɗakin injin Bosuwaja gobara ce. Fambel na ajiya, da sifana, da galan ɗin mai, da abin kashe wuta, bai kamata su bar cikin motar ba.

Masu Shan Ruwa

Masu sauran tsofaffin ƙananan motoci da ke da lagireto, irin su Datsun 120Y da Mini ta Ingila, su ma wannan tsari na fara wa daga mai sauƙi ya shafe su. Bayan fambel sai murfin lagireto, wanda aikinsa shi ne riƙe matsi domin ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu yana sa mota ta yi ta zubar da ruwa alhali injinta lafiya lau. Ba a buɗe shi da zafi. Daga nan sai tamostat, wanda ake gwadawa cikin tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko zai buɗe, sai famfon ruwa, sai lagireton kansa da ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ke toshewa a hankali. Kumfa da ke tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, su ne ke nuna gaskit ɗin tof ya ƙone.

Ga mai Bosuwaja kuwa, duk binciken da aka zayyana a sama, ban da ɗaga gidan fanka, bai wuce aikin safiya guda ba, kuma yawancinsa mai mota yana iya yi da hannunsa a ƙofar gidansa. Abin da ya rage shi ne, duk ranar da motar ta dawo daga gareji, ya ɗaga murfin baya ya ƙidaya kwanukansa da robobinsa kafin ya biya kuɗin aiki, ya kuma tambayi inda aka kai duk wanda bai gani ba.